Takardar da Na Ce Ta Ɓata

Rakiya, ke na sa a gaba a wannan babi, ko da yake ina so 'yan'uwanki duka su karanta. Ranar da kika zo gida da takardar ƙungiyarku ta tsofaffin ɗalibai, kika ce za ku kai ta ga 'yan majalisa a Yamai don kada a bar makarantarku ta lalace, kin miƙo mini alƙalami in sa hannu a layin iyaye. Kin ga na riƙe shi har shayina ya huce ban rubuta komai ba. Kika nannaɗe takardarki, kika tafi ba ki ci tuwo ba. Na ji abin da kika gaya wa uwarki a bakin ƙofa, don idona ne ya gaji, kunnena yana nan da ransa. Kin ce ashe gaskiya ne abin da ake faɗi a Dogon Dutsi, cewa ni Mushe Noma, kamar yadda ake kiran malamin makaranta a nan, tsoron takarda nake yi tun ina saurayi. Ban ji haushinki ba. An daɗe ana faɗin haka, ni kuwa ban taɓa buɗe baki na gyara ba. Yau zan gyara, in ya so ku yanke hukuncinku.

Makarantar da ta yi mu tana kan wani tudu tsakanin Tibiri da Gesheme. Ta kwana ce, ana tara yaran ƙauyukan nesa a cikinta har su gama, wanda kansa ya ja kuma ya wuce gaba. Kada ku ɗauka da ƙafata na tafi. Zamanin Nasara ne, gardin kwamandan, wato dogarin Baturen mulki, ya zo garinmu bisa doki da takarda a hannu, ya karanta sunana da na ubana da na garinmu. Kakarku, Inna, ta jefa ni cikin rumbu ta rufe ni da damin hatsi. Aka zaunar da babana cikin rana tun hantsi, aka ce ba zai tashi ba sai an fito da yaro. Da la'asar ta yi ita da kanta ta hau ta ciro ni, ƙaiƙayi duk ya cinye mini jiki. Tun daga ranar Inna ta tsani takarda, ko ta ƙunshin goro ce ba ta son ta kwana a ɗakinta. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunana. In za ta kira ni sai ta ce "wanga na lakwal", wato na makarantar boko, kuma ba yabo take nufi ba.

Bayan an sami 'yancin kai da 'yan shekaru, ina koyarwa a wata ƙaramar makaranta kusa da Gesheme, sai labari ya zo cewa za a rufe ɗakunan kwanan makarantarmu a mai da su Dosso. Ma'anarsa ɗan talakan da ke can cikin daji karatunsa ya ƙare ke nan. Mu biyar muka haɗu, duk tsofaffin ɗaliban wurin, akwai mai allurar mutane, akwai mai allurar shanu. Shugabanmu Tankari, magatakarda a Dogon Dutsi, abokina tun muna raba bargo ɗaya. Mutum ne mai kaifin baki da tsabtar zuciya, in ya yarda da abu ba ya waiwaye. Shi ya ce mu yi yadda aka koya mana a aji: a rubuta koke, a tara sunayen iyaye, a kai wa ɗan majalisarmu, depite kamar yadda ake ce masa, kafin majalisa ta zauna. Dole in gaya muku irin lokacin da muke ciki. Jam'iyya ɗaya ce ke da baki a ƙasa, an haramta ɗayar, kuma ana neman mutanenta ruwa a jallo, musamman a wajenmu da iyaka ke kusa. Mutum zai tafi kasuwa, jakinsa ya dawo shi kaɗai. A makon da muka fara ma an tafi da Arzika maƙeri na garin da ke gabas da namu, ba wanda ya san laifinsa. Duk mun san wannan, amma muka ce mu ba siyasa muke yi ba, makaranta muke roƙo. Muna da takardun shaida a akwati, mun ɗauka sun isa su sa mu fi kowa wayo.

Da yake ni ne mai kyan rubutu, ni aka ba kaye, wato littafin rubutun. Na zauna da abin ja layi na tsara shi tsaf, har ina jin daɗin kaina: gari, suna, sunan uba, sai wurin dangwala yatsa. Ban lura ba, kuma cikin mu biyar ba wanda ya lura, cewa na zana takardar gardi ce sak, irin wadda ake karantawa a ɗebi mutane aikin dole, irin wadda aka ciro ni daga rumbu da ita. Sati biyu ina yawo bisa keke, ban sami ko yatsa goma ba. In na shiga gari da kaye a hammata, sai maza su tuna da aiki a gona, alhali rani ne. Wani Bafulatani da na tarar yana shayar da shanu a rijiya ya saurare ni har na gama, ya ce makaranta abu ce mai kyau, sa'an nan ya ba ni sunan da na tabbata na bijiminsa ne. Na dawo gida raina a ɓace, na zauna gindin rumbu ina zagin jahilcin mutanenmu. Inna tana sussuka kusa da ni, ta ajiye taɓarya.

"Mi kaka rubutawa cikin abin ga?"

"Sunayen mutane, Inna, don kar a ruhe lakwal."

"Sunan mutum, da na ubanai, da na garinsu?"

"Awo."

"To hakanga anka rubuta ka. Kuma kai ka cewa mutane ba su da wayo."

Kunya ta rufe ni. Ta koma ga turminta, na ɗauka magana ta ƙare. Sai da ta sheƙe hatsin ta tambaye ni ko Dosso kwana nawa ce a ƙasa. Na gaya mata. Sai ta ce lokacin da nake kan tudun nan, duk ranar kasuwa tana ɗaukar fura a ka ta kai mini, ta tsaya bayan shinge ta ga ina da rai, ta dawo. Ban taɓa sanin ganina ta shingen nan ne ya riƙe ta duk shekarun ba.

"In sunka kai ɗiyan mutane Dosso, wace uwa za ta kai hura can? Kawo tawadar."

Na buɗe kwalba. Ta riƙe babban yatsanta sama, ba ta dangwala ba.

"Ka rantse min da nonon da kash sha. Sunan da duk kaɗ ɗauka, ba shi kwana hannun gardi."

Na rantse. Da sauƙi na rantse, don a raina depite zan kai wa, ba gardi ba. Ta dangwala a layin farko. Kashegari ta ɗaura zane ta bi ni, ita a ƙasa ni ina tura keke. Danginta na wajen Lugu ne, mutanen da ba su shiga sabgar Nasara ba, ba su shiga ta malamai ba, kuma a wurinsu in mutum ya ba da baki ya bayar ke nan. Ba ta yi musu dogon bayani ba. A kowane gari sai ta nuna yatsanta mai shuɗin tawada ta ce ga nata a gaba, ɗanta ya rantse, in sharri ya biyo bayan takardar nan a zo a same ta. Abin da na kasa da Faransancina da kekena, tsohuwar nan ta yi shi da yatsa ɗaya. Kafin wata ya mutu kaye ya cika, har da Bafulatanin rijiya, wanda ya zo da kansa ya gyara sunansa yana dariya.

Ranar kasuwar Dogon Dutsi aka ba mu mu ga depite. Uwarku ta ɗaure mini kayen a ciki da ɗankwalinta, ƙarƙashin riga, don kada gumi ko ɓarawon mota ya taɓa shi. Da hantsi muka shiga zauren depite mu biyar, kowa ya sha guga. Shi ma ɗan makarantarmu ne, yana ajin ƙarshe lokacin da muka shiga, kuma a kan haka muka dogara. Amma ba shi kaɗai muka tarar ba. A gefensa, bayan wani ɗan tebur, akwai wani baƙo siriri da aka ce sakataren jam'iyya ne daga sama, yana juya jan fensir a yatsunsa. Gardi biyu suna bakin ƙofa. Muka gaisa, Tankari ya miƙe ya fara. Wallahi ban taɓa jin ya yi magana kamar ta ranar ba. Ya fara da Faransanci ya sauko Hausa, ya tuna wa depite ɗakin da ya kwana da icen da ya sha bulala a gindinsa, har mutumin ya yi murmushi. Ni ina tsaye gaban teburin baƙon, ina jiran a ce in kawo.

A nan ne aikina ya shiga tsakani. Duk wanda ya yi shekaru yana tsaye gaban bencin yara yana duba abin da suke rubutawa, ya iya karatu ta kife, ba sai an juyo masa takarda ba. Ido yana yi ne ko ba a sa shi ba. Akwai takarda a buɗe gaban baƙon, idona ya sauka a kanta. Layuka ne irin nawa: gari, suna, sunan uba, yatsa. A samanta an rubuta cewa koke ne na mutanen gari kaza suna roƙon a gina musu rijiya. An bi wasu sunayen da jan fensir an sa musu gicciye. Na uku daga sama Arzika maƙeri ne, da gicciyensa. Na sake karantawa don kada in yi wa idona ƙarya. Mutane sun roƙi ruwa, an ɗauki takardar roƙonsu an mai da ita ta farauta. Na ji ɗankwalin uwarku ya matse ni kamar an ƙara masa ƙulli, na tuna wanda ke layin farko a cikin nawa kayen. Daidai nan na ji Tankari yana cewa ba mu biyar ne kawai ba, duk ƙasar Arewa tana bayanmu, ga sunayensu gari gari a hannun Mushe Noma. Baƙon ya daina juya fensir.

"Gari gari? Madalla. Wa ya ba da izinin tara su?"

Ya miƙo hannu wajena, a hankali, da fara'arsa.

"Kawo mu gani, mushe. A bar ta nan, za mu duba su ɗaya ɗaya."

Tankari ya juyo yana mini alama da ido in yi sauri. Ina son ku sani ban yi wani dogon tunani ba, kuma ba jaruntaka na ji ba. Tsoro na ji. Na buɗe baki na ji muryata tana cewa:

"Ranka shi daɗe, babu takarda. Ta ɓace min cikin mota."

Tankari ya ce, "Noma, mi kac ce?" Na maimaita, idona a ƙasa. Baƙon ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya tsaya a kan cikina, ko kuwa ni na ga kamar ya tsaya. Ya ce da depite ko a sa gardi su taimaka wa mushe dubawa, wataƙila tana cikin riga ya manta. Ɗaya daga cikin gardin ya yi taku ɗaya zuwa ciki. Depite ya daɗe yana kallona. Sai ya fashe da dariya, dariya mai ƙarfi, ya buga cinya.

"Mushe guda ya ɓad da kaye! In yaro na, da ka sa shi durƙuso. Ku bar shi, kunyar ga ta ishe shi. Tunda babu takarda, babu magana. Ku tashi ku ba ni wuri."

Har yau ban sani ba ko wulakanta ni ya yi ko cetona ya yi. Ya rasu ban tambaye shi ba. Muka fito ana mana dariya. A bakin kasuwa Tankari ya cafki wuyan rigata, hannunsa ya taɓa kayen ta cikin tufa. Ya ji shi. Na ga fuskarsa ta sauya, kuma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

"Ga ta nan jikinka. Ka maishe ni maƙaryaci gaban mutane, kuma ga ta nan jikinka."

"Tankari, mu tahi inda babu kunne in gaya maka."

"Ba ni da sauran magana da kai. Ɗiyan talakawa kas saida don tsoron aikinka."

Ya sake ni ya tafi. Ba zan iya ɗaga murya a tsakiyar kasuwa in faɗi abin da na karanta a teburin nan ba, don da na faɗa da ni da shi ba za mu kwana a gida ba. Na ce bari ya huce. Kafin ya huce aka ɗauke shi daga Dogon Dutsi aka jefa shi can gabas mai nisa, saboda ya tara mutane ba izini. Ni da na zama abin dariya aka bar ni inda nake, wannan kuwa ya ƙara tabbatar wa kowa cewa sayar da su na yi. Na rubuta masa wasiƙa sau uku, ba na iya faɗin komai a fili don ana buɗe wasiƙu a hanya, duk ya mai do mini da su bai karanta ba. Aka rufe ɗakunan kwana a ƙarshen shekarar. Na san yara da sunayensu, masu kai fiye da nawa, waɗanda karatunsu ya tsaya a nan. Wasunsu suna gaishe ni a kasuwa har yanzu, sun tsufa da kwashen noma a kafaɗa, kuma duk gaisuwar sai na ji ta a ƙirjina. Ba zan ce muku na tabbata na yi daidai ba. Wataƙila da na miƙa kayen da ba abin da ya sami kowa, da makaranta ta tsaya, da Tankari ya mutu yana abokina. Wataƙila kuma da an bi layukan nan da jan fensir. Abin da na gani da idona na faɗa muku, da abin da na rantse a kai.

Inna kaɗai da uwarku na gaya wa. Inna ta saurara har na gama, ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce na ɓata ba. Ta ce tunda sunaye ba su isa inda aka aike su ba, sai a mai da wa masu su. Na ɗauki reza na yanka kayen layi layi. Duk ranin nan na bi garuruwan da muka bi, ni kaɗai, ina miƙa wa kowa ɗan guntun da ke ɗauke da sunansa da yatsansa. Wasu sun zage ni don makaranta ta tafi, kuma suna da gaskiya. Wani tsoho a wajen Lugu ya daɗe yana juya nasa a tafin hannu, ya ce tun da aka haife shi bai taɓa ganin sunan da aka rubuta ya dawo gida ba. Da na gama, guntu ɗaya ya rage, na layin farko. Na kai wa Inna, ta ƙi karɓa.

"Aje shi. Ni ban janye nawa ba. Ranad da anka buɗe lakwal ɗin, ka tahi da shi."

Ba ta ga ranar ba. Shekaru sun shuɗe kafin a sake buɗe ɗakunan, kuma ba ni na sa aka buɗe ba, wasu ne suka yi wannan ƙoƙari. Ke ce ta farko a gidan nan da ta kwana a cikinsu. Kin tuna ranar da na kai ki, kina jan akwatinki kina jin haushi don na tsaya bayan shinge na ƙi tafiya? Yatsan kakarki yana cikin aljihuna a lokacin. Yanzu yana cikin gwangwanin da ke ƙarƙashin gadona, shuɗin ya koɗe amma ana ganin zanen.

Da kika miƙo mini alƙalami ran nan, layukan takardarki na gani, suna da gari da wurin sa hannu, sai hannuna ya ƙi. Na san zamani ya sauya, na san abin da kuke yi daidai ne, Tankari ma da yana raye da shi zai fara sa muku hannu. Ki dawo da ita. Zan sa sunana a layin farko, in rubuta na Inna a ƙarƙashinsa in manna yatsanta, tunda ita ba ta janye ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ki kai ta da hannunki, kada ki aika. In kin shiga, kafin ki ciro ta daga jaka, ki dubi wanda ke zaune kusa da mai karɓa, ki dubi abin da ke kan teburinsa. Kin yi koyarwa shekara goma, kin iya karatu ta kife.